Amsar Wasiƙunku: Dunƙulen Reno Na Turawa, Ko Ya Dace Da Fadamar Auyo?



Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomin rani a Auyo. Ya ce ya ga wani abu a shagon masu sayar da iri a Kano, faifai-faifai kamar ƙaramar daddawa, an ce masa in ya shuka tumatir a ciki dashensa ba zai mutu ba. Yana tambaya ko ya sayar da akuya ya saya, ko kuwa ya tsaya ga yafin da ya gada.

To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya amfana noma. Kafin ka kai akuyar nan kasuwa, saurara ka ji.

Abin da ka gani Turawa na yin sa ne da wata ƙasa da suke kira fit, watau gansakuka da ciyayin da suka ruɓe cikin fadamun ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Finland. A shekara guda kaurinta ba ya ƙaruwa fiye da kimanin milimita 1, shi ya sa ba ta araha. Ana matse ta a naɗe da 'yar raga, kuma kamfanin Jiffy, wanda ya samo asali a Norway, shi ya yi suna da ita. Akwai kuma wanda ake yi da zaren ɓawon kwakwa daga Indiya da Siri Lanka. In ka jiƙa shi sai ya kumbura ya ninka tsawonsa wajen sau 6 ko 7. Ka sa ƙwayar iri ɗaya a tsakiya, ran dashe kuma ka binne shi dungurungum.

Amfaninsa guda ɗaya ne, amma babba: saiwa ba ta tsinkewa. Kai ka sani in an tumɓuko tsiro daga wurin yafi, ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa, yawancinsu a ƙasa suke zama. Shi ya sa dashe ke yin laushi ya kwana biyar ko mako kafin ya farfaɗo, wani ma ya tafi ke nan. Wanda ya tafi gona da ƙasarsa kuwa, washegari za ka gan shi tsaye.

Amma fa mu yi lissafi. In ka ba da tazarar santimita 60 tsakanin layi da 50 tsakanin tushe, eka guda tana cin tsiro fiye da 13,000. Ke nan dunƙule 13,000. Tambayi kuɗin guda ɗaya ka ninka, sa'an nan ka dubi akuyarka. Bayan haka, fit ba ta da abinci sosai, kuma in iskar hunturu ta busar da ita ƙayau, da ƙyar take sake shan ruwa. Wanda zai yi kwana biyu a kasuwa ba mai ban ruwa, zai dawo ya tarar da asara.

Saboda haka ga shawarata. In irin gida ne wanda ka matse daga tumatirin bara, ko albasa, ci gaba da yafinka. In kuwa irin gwangwani ne na zamani mai tsada, wanda gram ɗaya bai wuce ƙwaya 300 ko kusa da haka ba, to kowace ƙwaya kuɗi ce, bai kamata a watsa ta ba. Haka kankana da kokwamba, waɗanda ba sa son a taɓa musu saiwa. A nan dabarar dunƙule take da riba, kuma kana iya yin naka.

Ka samo ƙasar sama mai laushi kwano 2, takin shanu da ya ruɓe sarai kwano 1, da buntun shinkafa kwano 1, wanda ba ya wuyar samu a ƙasar Haɗeja. Ka babbaka buntun ya yi baƙi, kada ya zama toka. Ka turara ƙasar a rabin duro bisa wuta don kashe cutar da ke ruɓar da gindin tsiro. In ta huce ka cuɗa, ka ɗura a ledar fiya wata da ka huda gindinta, ko a farantin reno mai ramuka wanda za ka yi shekaru kana wankewa kana sake amfani da shi. Zurfin iri kada ya wuce santimita 1. Ka yi 'yar rumfa, ka rufe da tsohon gidan sauro saboda farin ƙuda da malam-buɗe-littafin tsutsar nan Sharon, wadda ta cinye tumatirin Arewa a 2016.

Ku mutanen Auyo kuna da wani dalilin kuma. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna mana ruwan kogin Haɗeja na iya daɗewa kwance a fadama. Mai jiran ƙasa ta tsane kafin ya yi yafi ya makara, tumatirinsa zai yi fure cikin zafin Maris, furen ya kakkaɓe. Mai reno a leda ko faranti kuwa yana iya farawa a tsakar gida ko kan tudu tun ruwa bai janye ba, ya ci moriyar sanyin hunturu.

Tumatir yana isa dashe a mako 3 zuwa 4, in ya yi ganye huɗu ko biyar. Tattasai da attaruhu sai mako 6 ko fiye. Saura mako guda, ka rage ruwa ka janye rumfa a hankali don ya saba da rana. Ka dasa da la'asar, ka yage ledar ka tattara ta, kada ka bar wa dabbobi. In dunƙulen kanti ne, ka rufe kansa da ƙasa gaba ɗaya, in ba haka ba iska za ta zuƙe damshinsa. Sa'an nan ka ba da ruwa nan take.

In har ranka ya biya, sayi ɗari ɗaya, ka dasa su gefen na leda a fangali guda, ka gani da idonka. Gani ya kori ji. Malaman gona na JARDA da na Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are suna kusa da ku, a neme su.

Akuya dai a bar ta ta haihu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a ci gaba da aiko da wasiƙu. A huta lafiya.