Me Ya Sa Waya Ke Daskarewa Idan Memori Ya Yi Nauyi?



Kwanaki a Dirin Daji muka yi taron matasa kan matsalar ruwan sha. Ina cikin ɗaukar bidiyon jawabin wani dattijo, sai wayata ta daskare. Na fusata, na zare memori. Wallahi bidiyon nan bai dawo ba.

Ga abin da ya faru. Kowace manhaja tana da babban ma'aikaci ɗaya mai amsa taɓawar yatsanka. Idan aka aike shi ya rubuta abu a memori, sai ya miƙa saƙon ga direba, wato manhajar da ke magana da katin, ya tsaya jiran amsa. Kamar mai shago ne da ya tafi neman canji ya bar kwastomomi tsaye. Idan jiran ya kai daƙiƙa 5, Android sai ta ce manhajar ba ta amsawa.

To, idan taka ta daskare, kar ka zare memori. Watakila rubutun bai ƙare ba. Ka ɗan jira. Kuma ranar taro mai muhimmanci, ajiye bidiyo a cikin wayar kanta.

Sai shiri na gaba.