Aikin Lambu a Lokacin Hunturu da Haƙƙinsa a Kan Mutanen Kasuwar Kurmi

  

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hidimar da mai lambu ke yi kullum a watannin ɗari, tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, sa'an nan a nuna cewa rabin wannan hidima a wuyan mutanen birni take, musamman mu da muke zaune a Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa a bakin rafin Jakara.

Malamanmu na hisabi sun kasa shekara bisa taurari 28, kowane fasali da bakwai, manoma kuwa sun daɗe suna zuwa wurinsu tambayar shigar sanyi, domin abin da talaka ke ƙi saboda kaushi da faso da mura, shi ne mai lambu ke jira da ɗoki. Dalili kuwa, alkama da albasa da kabeji da latas da karas ba sa yin albarka a ƙasarmu sai dare ya yi sanyi, tumatir ma da zarar zafin bazara ya kankama sai furensa ya riƙa zuba. Saboda haka wanda ya makara da shukar alkama har Disamba ta yi nisa, ya sani zafi zai riske ta tana tsakar cika ido. Amma iskar da ke kawo wannan ni'ima daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar hamada ta wajen ƙasar Cadi, ita ce kuma ke busar da fangali tun kafin azahar, ta karya dashe, ta lulluɓe ganye da hazo.

Aiki na farko shi ne shinge. Da an gama girbi, an saki awaki da tumaki suna kiwo yadda suka ga dama, wajibi ne mai lambu ya kewaye gonarsa da kara da ƙaya, ya kuma ƙarfafa dangar ta fuskar da iska ke bugowa, ya riƙa zagaya ta kowace safiya yana ɗaure inda ya kwance, don kuwa kafar da ba ta fi tafin hannu ba, ta isa akuya ta shafe wahalar wata guda a dare ɗaya.

Na biyu ban ruwa, kuma a nan ake gane gwani. Za ka same shi bayan sallar asuba, hannuwa sun yi furu-furu, ya buɗe bakin fangali da fartanya, yana tsaye yana kallon ruwa na bin kwari har ya kai ƙarshe, sa'an nan ya toshe da laka ya buɗe na gaba, ba ya barin ya kwanta har saiwa ta ruɓe, ba ya kuma yi masa rowa. Irin da aka yafa sai a rufa masa busasshiyar ciyawa don ta tsare laima, a janye ta da zarar ya tsiro. Dashe kuwa sai da la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi iska ta lafa. In hazo ya yi nauyi, sai a yayyafa wa ganye ruwa a wanke masa ƙura. Da can da jigo da guga ake wannan aiki, yau injin ya karɓa, kuma tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure. Sai dai sauƙin ɗebo ruwa ya jawo almubazzaranci da shi, wanda shari'a ta hana ko da a alwala ne.

Na uku taki da tsaron ƙwari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, sai wanda ya kwana biyu ya huce. Darɓa na son kabeji a wannan fasali, magabata kuwa da toka suke yaƙarta, na yanzu sukan ƙara da jiƙon ganyen darbejiya. Wanda ya yi feshin maganin kanti, amana ce a wuyansa kada ya tsinko kaya ya kawo kasuwa kafin cikar kwanakin da aka ƙayyade.

To, ina namu hannun a ciki? A da, tun zamanin kakanni, jakuna ne ke fita ta ƙofofin birni da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi zuwa gonakin karkara, su komo da itace da kayan miya, har masanin nan Michael Mortimore ya yi dogon bincike a kan yadda wannan musaya ta sa ƙasar kewayen Kano ke ciyar da ɗimbin jama'a shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Yau sharar tamu ta cika da leda da fasassun kwalabe da batir, mai lambu sai ya ɓata yini yana tsince su kafin ya sami abin zubawa. Mafi muni shi ne sha'anin ruwa, domin Jakara da ke wucewa ta gefenmu tana kwasar dattin unguwanni da na kwata, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, kafin ta isa madatsar Wasai, alhali da wannan ruwa ne masu lambu da yawa ke shayar da latas da alayyafo da za su komo cikin akushinmu. Kowane almajirin da ya karanta littafin Ishmawi ya san hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita da najasa. Abin da ba mu yarda mu yi tsarki da shi ba, yaya za mu yarda a shayar da abincin 'ya'yanmu da shi? Ruwa ba ya tsami banza, mu ne muka tsamar da shi.

Shawarata uku ce. Shugabannin layuka su ware wurin zuba sharar da ke ruɓewa dabam da na leda, a bai wa masu lambu. A hana zuba shara cikin Jakara, limamai kuma su taimaka da faɗakarwa. Sa'an nan idan tumatir ya yi ambaliya a kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba farashi ya faɗi, masu sayen kauɗa su fifita wadda aka shanya a kan tabarma mai tsabta bisa wadda aka baza a bakin titi, su ƙara mata kuɗi, don mai tsabta ya ga ribar tsabtarsa.

Ya tabbata a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, wanda ya taimaka a kan alheri kuwa yana da rabo a ladansa. Allah Ya sa albarka a noman bana, Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.