Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Yara Masu Galahanga

Cikin 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 waɗanda ba su sakewa da mutane, canjin abin da suka saba kuwa yakan ta da musu hankali. Wannan hali shi ake kira galahanga. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwaƙwalwarsu ce ta ginu dabam, bulala kuwa ba ta gyara ta.

Abin da ke taimakon irin wannan yaro shi ne tsari da sanarwa tun da wuri. A makaranta a zaunar da shi nesa da hayaniya, a ba shi umurni ɗaya bayan ɗaya. In hutu ya gabato, a gaya masa ranar tafiya da gidan da za a sauka. Wanda ya cika shekara 18, in yana son tuƙi, a fara koya masa a fili, a hannun direba guda.

Dokar Nijeriya da aka sa wa hannu cikin 2019 ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Saboda haka wajibi ne hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwa kada a kulle yaran nan a ɗaki, a sa su makaranta tare da 'yan'uwansu.