Shirin Yau: Kafin Ka Canza Furosesa

Wani mai sauraronmu daga Tsafe ya turo tambaya: GTA V na yi masa sarƙewa, yana da Ryzen 5 2600, shin ya canza furosesa?

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ni na taɓa wannan gangancin a shagona nan Gusau. Na zuba kuɗi na sayi sabo, wasa bai gyaru ba. Ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafi ke sa injin rage gudu. Buroshi kawai nake buƙata, wallahi.

Ka buɗe MSI Afterburner kana cikin wasa. In katin hoto yana aiki kashi 97 zuwa 99, furosesa ba shi da laifi, katin ne ya gaji. In kuwa yana lilo wajen kashi 60 wasa na tsinkewa, to nan ne za ka zargi furosesa.

Ka ce madabod ɗinka B450 ne, soket AM4. Ka yi sa'a! Ryzen 5 5600 zai zauna, RAM ɗinka DDR4 na nan. In ka tsallaka AM5, sai sabon madabod da DDR5, kashe kuɗi uku ke nan.

Amma ka sabunta BIOS tun tsohon furosesan na ciki, kuma a kan inbata ko UPS. Wani abokina a Bungudu yana tsakiyar sabuntawa aka ɗauke wuta, har yau madabod ɗin bai tashi ba.