Yadda Za Ka Zaɓi Inshorar Lafiya Domin Iyalinka

  Yau zancenmu a kan inshorar lafiya ne, da yadda magidanci zai zaɓi wadda ta dace da gidansa.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata rana da dare aka kawo wata mata asibitin da na ke aiki, ta kwana biyu tana naƙuda. Likita ya duba, ya ce sai an yi mata aiki an ciro ɗan. Mijin ya sa hannu a aljihu ya ciro katin inshora, hankalinsa kwance, gama ya daɗe yana biya. Da muka duba rajista, sai muka tarar sunan uwargida ne a ciki. Wadda ke kwance kuwa amarya ce, ba a taɓa rubuta ta ba. An yi aikin, uwa da ɗa suka tashi lafiya, amma sai da ya sayar da san nomansa ya biya. Ba wanda ya cuce shi. Ran da ya yanki katin ne bai yi tambaya ba.

To, mece ce inshorar lafiya? Kusan kamar adashi ta ke. Mutane da yawa su kan zuba kuɗi kaɗan kaɗan cikin asusu guda. Bambancin shi ne, a adashi kowa yana kwasa bi da bi, a nan kuwa sai wanda ciwo ya kama a ke biya wa magani. In shekara ta juyo ba ka kwanta ba, kada ka ce kuɗinka ya faɗi. Shi ya yi jinyar ɗan maƙwabcinka, baɗi kuma nasa zai yi jinyar naka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa wajen neman lafiya, fiye da naira 70 daga aljihun masu jinya su ke fitowa. Shi ya sa ciwo guda ya kan cinye gona. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka soma aiki da ita a 2005, amma galibi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka amfana. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

Ƙofofin shiga biyar ne. Mai albashi ya kan shiga ta wurin aikinsa, a cire wani abu daga albashinsa, mai ba shi aiki ya ƙara. Sa'an nan akwai na jihohi, wanda a ke kira taimakekeniyar lafiya. Kano ta yi dokarta a 2016, Kaduna a 2018. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a suna iya shiga na jiharsu, ko kuwa shirin tarayya mai suna GIFSHIP, wanda ya ke karɓar mutum shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko ƙungiya. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da a ke kira HMO, kowane da farashinsa. Ƙofa ta biyar ta marasa ƙarfi ce. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, daga ciki a ke biya wa talakawa. Wanda ba shi da hali ya je ɗakin shan magani na mazaɓarsa ya tambaya ko ana rubuta suna.

Ko ta wace ƙofa za ka shiga, ka yi tambayoyin nan biyar kafin ka biya ko kwabo.

Ta fari, su wa katin ya ɗauka? Ka zauna ka ƙidaya mutanen gidanka da suna. A tsarin ma'aikata na tarayya, katin ya kan ɗauki ma'aikaci, da matarsa ɗaya ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mata ta biyu, da ɗa na biyar, da tsohuwarka, da marayan ɗan'uwanka da ka ke riƙo, duk sai an rubuta su dabam an biya ƙari.

Ta biyu, wane asibiti za a ba ka? A kan sa ka zaɓi guda ɗaya inda za ka fara zuwa kullum. Ka zaɓi wanda za ka iya kai yaro mai zazzaɓi da tsakar dare cikin damina. Babban asibitin da ke bayan kogi ba zai fisshe ka ba. Ka taka da ƙafarka ka gani, akwai ma'aikaci da dare, akwai ungozoma, akwai magani? In ciwo ya fi ƙarfinsu, su za su ba ka takardar zuwa babban asibiti. Wanda ya tsallake su ya tafi da kansa, in ba larurar gaggawa ba ce, mai yiwuwa ne ya biya daga aljihunsa.

Ta uku, me a ke yi, me ba a yi? Ka dubi irin ciwon gidanka. In matarka tana cikin shekarun haihuwa, ka tambayi awon ciki, da haihuwa, da tiyata, da ƙarin jini. In akwai mai hawan jini ko ciwon sukari, ka tambaya ko maganinsa na wata wata yana cikin jerin da su ke bayarwa. Manyan ciwace-ciwace irin su ciwon daji da wankin ƙoda, sau da yawa wani sashe kaɗai a ke biya. Allurar rigakafin yara kuwa da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, ko da kati ko babu.

Ta huɗu, nawa za ka riƙa cikawa? Kati bai hana taɓa aljihu gaba ɗaya ba. A tsarin ma'aikata na tarayya mai jinya ya kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, watau maganin naira 5,000 ka ba da naira 500.

Ta biyar, yaushe katin zai fara aiki, yaushe zai mutu? Galibi a kan jira wani lokaci bayan rajista. Saboda haka ba ran da ciwo ya zo a ke yankan kati ba. Manomi ya biya da kaka, sa'ad da hatsi ke rumbu, ya rubuta ranar sabuntawa a bangon ɗaki.

In ba ka iya karatu ba, ka tafi da ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka takardar duka. Kada ka ji kunyar tambaya, kada kuma araha ta ruɗe ka. Ka biya a ofis ko a banki, ka karɓi rasit, ka adana shi tare da katin inda uwargida ta sani, domin ciwo ba ya jiran maigida ya komo daga kasuwa. In aka haihu, a kai sunan jariri a rubuta tun da wuri. In kuwa an hana ka abin da takarda ta ce haƙƙinka ne, ka kai kuka ofishin hukumar a jiharka.

Mutumin nan da na ba ku labarinsa ya komo bayan suna, ya rubuta amarya da jaririn. Ku kuwa ku ƙidaya naku tun yau da dare.