Lissafi Ya Daidaita, Gini Yana Ruɓewa: Binciken Kuɗi da Asusun Ajiya a Ƙungiyoyin Masu Gidaje na Amurka



Maganata a yau kan kuɗin da maƙwabta ke haɗawa ne don kula da abin da suka mallaka tare. Zan ɗauko misalaina daga Amurka, inda wannan tsari ya fi kafuwa. Ƙungiyoyin masu gidaje a can sun haura 350,000, mutanen da ke zaune a ƙarƙashinsu kuma sun wuce miliyan 70. Wanda duk ya sayi gida a irin wannan rukuni ya shiga ƙungiya ke nan, ko yana so ko ba ya so. Zai riƙa biyan kuɗin wata, shugabannin da za su sarrafa kuɗin kuma daga cikin maƙwabta ake zaɓensu, galibi 'yan sa-kai ne da ba a biyansu albashi. Ɗakinka naka ne, amma rufin bene, da lif, da bututun ruwa, da titin cikin rukuni, da ginshiƙan da ke ɗauke da kowa, na jama'a ne.

Kuɗin wata gida biyu ake raba shi. Kaso ɗaya na hidimar yau da gobe ne: gadi, shara, wuta, inshora. Ɗaya kason ana zuba shi a asusun ajiya, don manyan ayyukan da ba sa zuwa sai bayan shekara 20 ko 30, kamar sauya rufi ko gyaran kankaren da ruwa ya ci. Ra'ayina shi ne, mutane sun saba ɗaukar rahoton mai binciken kuɗi a matsayin shaidar lafiyar ƙungiya, alhali rahoton nan rabin tambayar kawai yake amsawa.

Bari in fara ba wa binciken kuɗi haƙƙinsa. Dokar jihar Florida ta jera shi hawa-hawa ga ƙungiyoyin benaye. Wadda kuɗin shigarta a shekara bai kai dala 150,000 ba, rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita ya ishe ta. Daga nan zuwa dala 300,000 a haɗa cikakken bayanin kuɗi. Daga nan zuwa dala 500,000 akanta ya yi masa duba na matsakaici. Wadda ta kai dala 500,000 ko fiye, cikakken bincike ya hau kanta: akanta daga waje zai nemi rasit, ya tuntuɓi banki da kansa, ya gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. Amfanin wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A watan Nuwamba 2022 aka kama wasu shugabanni na da da na lokacin na ƙungiyar Hammocks da ke yankin Miami-Dade, rukuni mai gidaje sama da 6,000, bisa zargin karkatar da fiye da dala miliyan 2 ta hanyar biyan kamfanoni kuɗin aikin da ba a yi ba. Kafin kamun, an ninka wa mazauna kuɗin wata har sau uku zuwa huɗu. Irin wannan ɓarna ce bincike mai zaman kansa ke tonawa, in an bar shi ya yi aiki, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi.

To amma akanta baya yake dubawa. Tambayarsa ita ce: kuɗin da aka ce an kashe bara, an kashe shi inda aka ce? Ba ya hawa rufi, ba ya sauka garejin ƙasa ya ga ƙarfen da tsatsa ta kumbura. A tsarin akantocin Amurka ana liƙa jadawalin manyan gyare-gyaren gaba a bayan rahoto, amma akanta yana rubutawa ƙarara cewa bai binciki wannan sashe ba. Ƙungiya na iya samun rahoto mai tsabta, kowane kwabo da rasit ɗinsa, alhali asusun ajiyarta ba zai biya ko ushirin gyaran da ke jiranta ba. Irin wannan giɓi ba ya buƙatar ɓarawo.

Wanda ke duban gaba shi ne mai nazarin asusun ajiya, sau da yawa injiniya. Zai zagaya ya lissafa duk abin da ƙungiya ke da alhakin gyarawa, ya ƙiyasta shekarun da suka rage wa kowanne da kuɗin sauya shi, sannan ya faɗi abin da ya kamata a ce yana cikin asusu yau. Masu wannan sana'a suna ɗaukar kashi 70 cikin ɗari ko fiye a matsayin ƙarfi, ƙasa da kashi 30 kuma rauni. Jihar California ta wajabta irin wannan zagaye aƙalla sau ɗaya a shekara uku.

Yanzu ga abin da ya faru a garin Surfside na jihar Florida. Da misalin ƙarfe 1:22 na daren Alhamis, 24 ga Yuni 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South, mai hawa 12 da gidaje 136 a bakin teku kusa da Miami, ya rufta. Mutum 98 suka rasu. An gina benen a 1981. Tun a 2018 kamfanin injiniyoyi na Morabito Consultants ya rubuta wa ƙungiyar cewa akwai babbar illa a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya, saboda abin da ke tare ruwa ya lalace, aka kuma ƙiyasta gyara a kan kimanin dala miliyan 9. Nazarin da aka yi a 2020 ya nuna asusun ajiyarsu na da kimanin dala 700,000, alhali abin da ya dace ya haura dala miliyan 10. Wato ko kashi 7 cikin ɗari ba su cika ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Tunda babu isasshen kuɗi a ajiye, dole a ɗora wa kowane mai gida kason gaggawa. Nan gardama ta tashi, biyar daga cikin shugabanni bakwai suka ajiye muƙami a 2019, lokaci yana tafiya, ruwan gishiri yana ci gaba da aikinsa. Zuwa Afrilu 2021 kuɗin da aka amince a tara ya kai kusan dala miliyan 15: mai ɗaki ɗaya zai biya kimanin dala 80,000, mai babban gida na sama fiye da dala 330,000. Ba a kai ga taɓa kankaren ba benen ya faɗi.

Adalci ya sa in ƙara da cewa hukumar NIST, wadda gwamnatin tarayya ta ɗora wa binciken, ta nuna akwai nakasu tun a zane da ginin farfajiyar. Saboda haka ba zan ce ƙarancin kuɗi kaɗai ya kayar da benen ba. Abin da zan iya cewa shi ne, gargaɗi ya zo da kusan shekara uku a gaba, kuma rashin asusu ne ya mayar da aikin injiniya ya zama rigimar maƙwabta.

Me ya sa asusun ya zama fanko a benaye da yawa na jihar Florida? Domin doka a lokacin ta ba masu gidaje damar kaɗa ƙuri'a kowace shekara su rage zubin ajiya ko su yafe shi gaba ɗaya. Ku duba wanda ke zaune a taron: tsoho mai cin fansho da ke tunanin ba zai ga sabon rufi ba, da mai haya da gidansa da ke son riba, da wanda ke shirin sayarwa baɗi. Kowannensu yana da dalilin ɗaga hannu. A ganina wannan ƙuri'a cin bashi ne da sunan wanda bai riga ya sayi gidan ba, kuma ba a nemi yardarsa ba. Majalisar jihar ma ta taɓa kafa dokar duba benaye duk shekara biyar a 2008, ta soke ta a 2010.

A watan Mayu 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a sabuwar doka. Bene mai hawa uku ko fiye dole injiniya ko mai zanen gini ya duba shi idan ya cika shekara 30, sannan duk bayan shekara 10. Dole kuma a yi nazarin asusun ajiya na sassan da ke riƙe da gini, an kuma rufe ƙofar yafe zubin waɗannan sassa. Kuɗin wata ya yi tsalle, tsofaffi da dama suka koka, wasu suka sa gidajensu a kasuwa, har majalisa ta sassauta wa'adi a 2025. Kukan na gaskiya ne. Sai dai dokar ba ita ta ƙirƙiro bashin ba, na shekara 30 ne ya faɗo a lokaci guda.

Wannan ya shafe mu ta fuska ɗaya. Rukunan gidaje masu shinge a Abuja, Kaduna da Kano suna karɓar kuɗin hidima, yawanci don gadi, dizal da kwashe shara. Ranar da taransifoma ta ƙone ko famfon rijiyar burtsatse ya mutu, sai a shiga bin gida-gida ana karo-karo. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar CAC tana da wajibin miƙa rahoton shekara, amma wannan ma duban baya ne. Mu kuma muna da ƙarin matsala: hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, don haka naira da aka ajiye kurum tana narkewa, ƙiyasin da aka yi shekara uku da suka wuce kuma ya zama tsohon labari. Namu nazarin sai ya riƙa sabuntawa fiye da nasu.

Kirana ga duk wanda ke zaune a irin wannan rukuni, ko yake shirin saye: a taron shekara mai zuwa, bayan ma'aji ya gama karanta abin da aka kashe, ku nemi a kawo mai binciken da ba ɗan kwamiti ba ne, ku nemi a raba asusun ajiya da na hidima a banki, sannan ku tambayi shugaba jerin abubuwan da za su lalace nan da shekara 10 da nawa aka ajiye musu. In babu jerin, a sa injiniya ya rubuto shi kafin a amince da kasafin baɗi.