Jawabi A Kan Zaman Malamin Makaranta Da Mutanen Gari

 

Wanda ya bi hanyar Zariya yau ya ga Gyadi-Gyadi da Tarauni sun haɗe da birni, da wuya ya yarda cewa wurin nan bayan ganuwa ne, gonaki ne da gidaje jefi-jefi. Ba nisa da nan, a Nasarawa, Ɗan Hausa ya buɗe makaranta cikin 1909, aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai da masu koyon sana'a. Sa'an nan aka fara Kwalejin Katsina cikin 1921 don horar da malamai. To, daga waɗannan wurare ne samari su ka riƙa fita, ana rarraba su garuruwa, wani ma inda mota ba ta zuwa.

A wancan zamani, malamin elementare in ya sauka ƙauye, baƙo ne sau biyu, don ba ɗan garin ba ne, abin da ya kawo kuma boko ne. Iyaye su kan ɓoye 'ya'yansu, su ce sun tafi kiwo ko sun bi malami gabas. Dagaci ya kan iya tara yara da tilas, amma tilas ba ta zaunar da su. Abin da ya zaunar da su shi ne halin malamin bayan an tashi. In an yi haihuwa ya je suna, in an yi rasuwa ya zauna makoki, ya gai da liman, ya girmama alaramma, kada ya ɗauki makarantar allo kishiya. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da fitila da littafi, komi iliminsa, ajinsa kan watse tun kafin kaka.

Akwai kuma aikin da ba a rubuta cikin takardar albashinsa ba. Shi ke karanta wasiƙar ɗan ci-rani, da ta sojan da ya tafi Bama lokacin yaƙin Hitila. Shi ke duba wa talaka rasit ɗin haraji, ya gaya masa ranar da sammaci ya ce ya bayyana gaban alkali. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito cikin 1939, sai ya zama shi ne bakinta a dandali. Nan fa a kan sami saɓani, gama mutumin da ya san abin da rasit ya ce ba ya biya sau biyu, kuma ba kowane mai karɓa ke murna da haka ba. Sau da yawa ƙarar da a ke kai wa hakimi cewa malami ya cika shisshigi, in an bi ta a hankali, daga nan ta taso.

Misali mafi girma ɗan Kano ne. Malam Aminu Kano ya fara koyarwa a Midil ta Bauci cikin 1942, tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da su da Malam Sa'adu Zungur su ka raya taron muhawara inda malamai da ma'aikatan En'e ke zama su tattauna al'amuran ƙasa. Da magana ta kai ga yadda a ke mulki, taron bai daɗe ba aka rufe shi. Cikin 1948 ya kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa. Daga baya aka kai shi Maru, can ƙasar Zamfara, ya koyar a makarantar horar da malamai. Nisan wurin bai hana shi shiga jama'a ba, har ya ajiye aiki cikin 1950 ya koma Kano ya shiga siyasa.

Masu mulki na lokacin da yawa ba su ji daɗinsa ba, wannan kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Ya rasu cikin 1983. Babban asibitin koyarwa da aka kafa cikin 1988, wanda ke nan bakin hanyar Zariya daura da Gyadi-Gyadi, sunansa aka sa masa.